Rigimar Lamba Ɗaya a Doguwa

Tun da na dawo daga Doguwa ban huta da tambaya ba. A shago a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har waɗanda ba su taɓa damuwa su san irin aikin da nake yi ba sun koma masu son jin labari. Daga baya na gano dalili. Ashe Kawu Iliya ya riga ni bakin mutane, kuma a nasa labarin shi ne ya gyara intanet ɗin wata makaranta da hannunsa, ni kuwa na taimaka da riƙon jaka. To ga nawa, ga wanda yake da haƙurin saurare.

Sunana Sa'adatu, a Bebeji nake da ɗan shago. Aikina haɗa kwamfutoci da juna, da kuma haɗa su da intanet, a makarantu da ƙananan asibitoci da duk inda aka kira ni. Wata safiya Malam Tasi'u ya bugo mini waya. Tare muka yi karatu a Kano, daga baya ya samu koyarwa a wata makarantar kuɗi a Doguwa. Ya ce mai makarantar, Alhaji Garba, ya gina babban ɗaki ya cika shi da kwamfutoci don a amince da wurin ya zama cibiyar jarabawar shiga jami'a. Mai duba cibiyoyi zai zo jibi. Intanet ɗin kuwa ya zama ɗan ganin dama, ya zo ya tafi ba sallama. Na tambaye shi abin da ya gwada, sai ya shiga kame-kame, ya ce abin ba na waya ba ne, in dai zo.

Mahaifiyata ta ce ba zan ratsa dajin Falgore ni kaɗai ba, ko da kwamfutocin duniya ne suka taru suna kuka. Ta aika Ƙofa aka kira ƙanenta, Kawu Iliya, manomin masara da rake, mutumin da har yau in zai ajiye lambar wani a wayarsa sai ya nemi agaji. Ya iso da babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, da wani tabarau wanda ban taɓa ganin ya karanta komai da shi ba. Na ce masa aiki za mu je, ba biki ba. Ya ce ai saboda haka ne ma.

Washegari a Kwanar Dangora, can ƙasar Kiru, muka nemi motar Doguwa. Ɗan kamasho ya rantse mana saura mutum ɗaya mota ta tashi. Muna shiga sai biyu daga cikin fasinjojin suka sauka suka koma gindin bishiya, ashe hayar zama aka ɗauke su. Mutum ɗayan nan da ya saura mun jira shi har Kawu ya shanye rake guda, ya soki ingancinsa, ya gaya wa mai sayarwa cewa a Ƙofa irin wannan shanu ake ba wa, sannan ya sayi na biyu.

A nan aka naɗa shi injiniya. Direba ya ga nannaɗaɗɗiyar waya ta leƙo daga jakata, ya dubi tabarau da babbar riga, ya dube ni, ya yi lissafinsa. Nan take ya buɗe wa Kawu gidan gaba yana cewa Injiniya ya shigo nan. Na zuba ido in ga ko Kawu zai gyara masa. Ya gyara zaman hularsa ya shiga. Ni kuwa aka cusa ni baya, tsakanin buhun taki da wata dattijuwar Bafulatana da ake kira Dada, mutuniyar wajen Burumburum.

Dada ba ta ɓata lokaci ba. Da muka gaisa ta amsa da jam, wato lafiya da Fulatanci, ta zaro waya daga ƙullin zane ta kunna mini muryar ɗanta, wanda ya yi kudu da shanu. Ta ce abin da ke ɗaure mata kai shi ne, ita kanta ba ta san inda yaron yake kwana ba, yau nan gobe can, amma saƙo ba ya ɓata. Ta so Injiniya ya yi mata bayani. Injiniya ya ce wuyansa na ciwo, ba zai iya juyowa ba, yarinyar ta fara.

Na gaya mata cewa duk na'urar da ta hau intanet sai an ba ta adireshi, wasu lambobi ne a jere. Saƙonta kuma ba a ɗauke shi dunƙule, yayyanka shi ake yi ƙanana, kowane yanki da adireshin inda za shi a goshinsa. A hanya akwai akwatuna da muke kira rauta. Babu wanda ya san hanyar tun daga farko har ƙarshe a cikinsu, kowanne dai ya san wanda zai miƙa wa na gaba. Dada ta kalli wayar da wani irin raini, ta ce ashe su ma tambaya suke yi. Daga gidan gaba Kawu ya ce bayanin ya yi, sai dai akwai ɗan abin da na tsallake, amma ba laifi.

A Tudun Wada Dada ta sauka, direba ya ce zai duba taya, ya ɓace. Da muka gaji muka bi sawunsa, muka same shi a rumfar mai garau-garau yana duba kwano na biyu. Tun da haka ne muka zauna mu ma. Shinkafar wurin ta yi daɗi, ba zan ci amanarta ba, amma mai abincin tana zuba yaji kamar tana da tsohuwar gaba da matafiya. Kafin mu tashi an maye gurbin Dada da mutum biyu da injin feshi.

A bakin daji akwai shinge. Aka ce a buɗe jakunkuna. Tawa ce ta ja hankali, saboda filayar matse kan waya da wani ɗan abin gwaji mai fitilu da ke ƙyaftawa a jere. Mai binciken ya ɗaga shi da yatsu biyu, nesa da jikinsa, ya tambayi na wane ne. Kawu ya ce kayan aikinmu ne. Ya tambayi me yake yi. Kawu ya cire tabarau ya goge a hankali, ya ce, "Yarinya, yi masa bayani, mu ji ko kin riƙe karatu."

Na yi. Mutumin ya gamsu har ya wuce inda ake so, don sai ya zaro tasa wayar ya ce kwana biyu ba ta shiga intanet, a taimaka. Motoci suka yi layi a bayanmu ina bincike. Datarsa ce ta ƙare. Ya yi wa Kawu godiya sosai.

Cikin dajin kuwa babu abin dariya. Direban da bai rufe baki ba tun daga Kwanar Dangora ya kashe rediyo ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Wayoyi duk suka ɗauke. Wata mata a gefena tana ta motsa leɓe, wani tsoho yana jan carbi. Birai ne kaɗai a gefen titi suke harkarsu, suna kallonmu kamar mun zo ba a gayyace mu ba. Ba abin da ya same mu, amma sai da muka fara ganin gonaki sannan na ji mutane sun dawo da numfashinsu. A wurin na fahimci abin da ya sa uba zai ƙi barin 'yarsa ta bi hanyar nan don jarabawa kawai.

Mun isa makarantar bayan la'asar. Alhaji Garba ba ya nan, ya tafi ta'aziyya wani ƙauye. Tasi'u ya tare mu a ƙofa, ya rame, idonsa ya faɗa. Malamai suka fito suka kewaye Kawu da gaisuwa, wani ya karɓi jakar daga hannuna ya ce bai kamata a bar wa yarinya kayan Injiniya masu tsada ba. Aka kai mu ɗakin. Kwamfutoci layi-layi, kowace da 'yar takarda manne a goshi mai ɗauke da adireshinta, aikin ɗan kwangilar da ya haɗa wurin ya tafi ya daina ɗaga waya. Na zauna a ta farko na gwada, intanet na gudu kamar ruwa. Na gwada ta tsakiya, na gwada ta ƙarshe. Lafiya ƙalau.

Babu abin da ya fi wannan ban haushi a sana'armu: ka ratso daji don mara lafiya, ka same shi yana rawa. Malamai kuwa suka ce ai ga shi nan, Injiniya ko taɓawa bai yi ba, shigowarsa kawai. Kawu ya ce wani lokacin na'ura takan gane wanda ya san ta. Na ja Tasi'u gefe na tambaye shi ko wasa yake da ni. Ya kalli ƙasa ya ce in bari sai da safe.

A gidan gwaggonsa aka sauke ni, Gwaggo Asabe, Kawu kuma aka kai shi ɗakin baƙin Alhaji mai katifa da labule. Abu biyu ba wanda ya gargaɗe ni a kansu game da Doguwa. Na farko sanyi. Na zo da kayan Bebeji marasa nauyi, sai da Gwaggo ta ara mini rigar sanyin mijinta, na yini a cikinta kamar an rataye ta a ƙusa. Na biyu dankalin turawa. Mu a gida sai da azumi ko in an yi baƙo na musamman ake ganinsa, a ƙirga wa kowa rabonsa. A can kuwa fate da dankali, miya da dankali, da safe a soya shi, in ka ce ka ƙoshi a ba ka dafaffe ka riƙe a hannu don ɗumi. Na ga akuya ta shinshina wani ta wuce abinta.

Gwaggo tana da 'ya, Nafisa, wadda ta gama sakandare tun bara. Muna cin abinci Gwaggo ta ba ni labari cewa bara an tura yarinyar rubuta jarabawa can bayan daji, mahaifinta ya ce ba da yawunsa ba, shekarar ta wuce a banza. Ba ita kaɗai ba ce, 'yan mata da yawa a garin haka suka zauna. Bana da aka ji za a buɗe cibiya a gida, duk suka sake rajista. Da Nafisa ta zo ɗauke kwano ne ta tsaya ta ce, "Anti, za a ba mu kuwa?" Na ce mata in Allah ya so. Na ji kunyar amsar, don ni a lokacin ko ciwon ban gani ba, balle magani.

Da safe komai na aiki. Ina zaune ina hamma, Tasi'u na ta leƙen taga. Can sai ga motar Alhaji. Mutum ne dogo mai ƙiba, mai fara'a, kuma a gaskiya shi ya gina wurin nan da guminsa, ba wanda ya tilasta shi. Ya rungume Kawu, suka gaisa kamar sun yi yarinta tare. Ni ya ce mini sannu 'yammata, ya tambayi ajin da nake. Daga nan ya shige ofishinsa. Bai fi shan ruwa ba intanet ya mutu.

Mutuwar ma irin mai rainin hankali. Kwamfutocin ɗakin suna ganin junansu, suna magana da babbar da ke riƙe da jarabawa, amma duk abin da zai fita waje sai ya ɓace, wani ya wuce, wani ya maƙale. Alhaji ya fito ransa a ɓace. Ya gaya wa Kawu cewa kullum haka ake yi masa, duk ranar da ba ya nan a ce komai lafiya, yana zuwa a kashe. Ya ce shi ya san zagon ƙasa in ya gan shi, kuma in aka kunyata shi gaban mai duba cibiya, akwai wanda zai kwashe kayansa yau. Bai ambaci suna ba, ya dai kalli Tasi'u har sai da kowa ya gama fahimta.

Ga yadda abin yake, don wanda ba sana'arsa ba. Adireshin kowace na'ura a ɗaki irin wannan kashi biyu ne. Farkonsa na gidan ne gaba ɗaya, kowa iri ɗaya. Lambar ƙarshe ce ta mutum shi kaɗai, kuma ba a yarda biyu su haɗa ba. Sannan kowace kwamfuta an gaya mata lambar rauta, cewa duk saƙon da ba na cikin gida ba ne ta miƙa masa, shi ne ƙofar fita. A wurin nan, kamar yawancin wurare, rauta shi ne lamba ɗaya.

Sai na sa wata kwamfuta ta yi tambaya a cikin ɗakin, wane ne lamba ɗaya. Na'urori biyu suka amsa. Ɗaya rauta ne, na gane shi. Ɗayar baƙuwa ce. Na shiga zare wayoyi daga akwatin rarrabawa ɗaya bayan ɗaya, har na zare wadda baƙuwar ta yi shiru. Intanet ya dawo nan take. Na bi wayar da ido, ta hau bango, ta bi ta saman ƙofa, ta shige ofishin Alhaji. Na juyo na kalli Tasi'u, ya duƙufa yana nazarin silin.

Na fitar da shi baranda na tambaye shi tun yaushe ya sani. Ya ce ya jima. Na tambaye shi, wato ya sa na baro shagona, na ratso daji, na ci dankali har ina mafarkinsa, don in zo in faɗi jimla ɗaya da shi ma ya iya faɗa.

Ya ce, "Ni ma'aikacinsa ne, Sa'adatu. Ke kuwa gobe kin tafi."

Na tambaye shi me ya hana shi zare wayar ofishin a ɓoye. Ya ce ya taɓa yi, Alhaji ya sa aka mayar, ya kuma yi masa kashedi. In aka zare yau don mai dubawa, ranar jarabawa zai mayar da abarsa ana tsakiyar rubutu.

Muka shiga ofis mu uku. Na roƙi izinin duba kwamfutar Alhaji, wadda ba a kunna ta sai in yana nan, ya ba Kawu izinin, Kawu ya wakilta ni. Lamba ɗaya ce zaune daram. Alhaji bai ɓoye komai ba, da alfahari ma ya ba da labarin. Ya ce da ɗan kwangila ya gama manna takardu, ya duba tasa ya ga an jefa shi can cikin sittin da wani abu, bayan kwamfutar magatakarda, bayan ta ɗalibai. Ya tambayi wa aka ba ɗaya, aka nuna masa wani ɗan akwati mai ƙahoni a saman kabad. Shi da ya sayi fili, ya sayi bulo, ya sayi akwatin kansa. Sai ya kai kwamfutar wurin wani mai gyaran waya ya mayar masa da haƙƙinsa, har ya koya masa inda zai riƙa dubawa kullum da safe don kada a yi masa wayo.

Na yi masa bayani da duk ladabin da aka koya mini a gida. Na ce ranka ya daɗe, yanzu duk saƙon da zai fita daga makarantar nan, maimakon ya je wurin rauta, wani sai ya zo wurin kwamfutarka, ita kuma ba ta san hanya ba, sai ta zubar. Ya saurara da kyau. Fuskarsa ta washe. Ya juya wurin Kawu ya ce wato duk abin da zai fita daga makarantarsa sai ya fara biyowa ta teburinsa, to ai tsarin da ya dace ke nan, me kuma ake so a gyara. In akwai mai laifi, akwatin ne da ya ƙi sanin matsayinsa.

Na so in yi magana, na tuna Nafisa, na haɗiye. Kuma da na huce sai na ga ai ba wahayi aka saukar cewa rauta sai ya zama na ɗaya ba, al'ada ce kawai ta masu sana'a. Na raɗa wa Kawu cewa a bar wa Alhaji lambarsa, mu mayar da akwatin can ƙarshen layi, lamba ɗari biyu da hamsin da huɗu. Kawu ya rufe ido kamar mai zurfin tunani, sannan ya yi gyaran murya ya sanar cewa ya duba lamarin, Alhaji ne da gaskiya, kuma ya yanke hukuncin a kori akwatin zuwa ƙarshe, bayan kowa. Alhaji ya miƙe ya sake rungumarsa. Ya ce shi ya sa ake son manya a sana'a.

Sauya lambar rauta bai ɗauki komai ba. Wahalar ita ce ɗan kwangilar, Allah ya saka masa daidai aikinsa, da hannu ya rubuta wa kowace kwamfuta ƙofar fitarta. Dole mu bi su ɗaya bayan ɗaya mu gaya wa kowace sabuwar lambar. Na ɗauki layukan dama, Tasi'u ya ɗauki na hagu. An ce mana mai dubawa sai bayan azahar. Shi kuwa, a duk ma'aikatan ƙasar nan, shi ne Allah ya yi wa son zuwa da wuri. Muna da sauran layi biyu muka ji tsayuwar mota.

A nan zan ba Kawu haƙƙinsa, kuma ina so a rubuta cewa na ba shi. Ban roƙe shi ba, kallo ɗaya ya yi mini ya fita. Ya tare bawan Allah nan a ƙofa ya kama hannunsa da hannu biyu. Ya tambaye shi hanya, da gajiya, da iyali, da sanyi, da damina, da mutanen Kano unguwa-unguwa. Ya gano cewa kakar mutumin daga wajen Kiru take, suka shiga tantance dangi. Da gaisuwa ta ƙare ya sake ta daga farko, don ya ce ɗazu hankalinsa na kan aiki bai ji amsoshin da kyau ba. Sannan ya ce a garin nan ba a duba komai da yunwa, aka kawo dankali. Ta taga ina ganin mutumin yana duba agogo yana tauna.

Da ya shigo ina kan ta ƙarshe. Mutum ne mai shiru-shiru, ya san aikinsa. Ya zaɓi kwamfutoci nan da can ya gwada, ya sa aka kunna su duka lokaci guda, ya sa aka kashe wuta aka tayar da janareta. Wata a layin baya ta ƙi fita. Tasi'u ya jingina da bango. Na duba, garin sauri na juya lambobi biyu, na gyara a gabansa. Alhaji na tsaye a bakin ƙofa, kwamfutarsa a kunne a ofis, intanet kuwa ko tari bai yi ba.

Da ya gama ya ce wurin ya yi. Yana tattara kayansa sai ya tambaya, ni ya tambaya kai tsaye, abin da ya sa muka kai rauta can ƙarshe. Na ce tsarin gidan ne ya zo da haka. Ya ce ba komai, ai duk ɗaya ne, ko ta wace lamba dai komai na makarantar ta wurinsa zai riƙa fita. Alhaji yana murmushi yana raba goro a lokacin, na ɗauka bai ji ba.

Kafin mu bar garin washegari da safe, labari ya kai gidan Gwaggo Asabe. Nafisa ba ta yi tsalle ba, ba ta yi guɗa ba, ta dai riƙe hannuna ta ƙi saki har bakin mota. Alhaji ya sa aka ɗora wa Injiniya buhun dankali, ni kuma ya yi mini nasiha in dage, in na bi wannan dattijo sau da ƙafa wata rana zan zama wani abu. Tasi'u ya tsaya a bayansa yana cizon leɓe.

Mun fito daji lafiya, mun sauka a Kwanar Dangora muna neman motar gida, sai wayar Kawu ta yi ƙara. Alhaji ne. Ashe ya ji, kuma ya kwana yana juya maganar. Yana so ya san yadda aka yi ɗan akwatin nan ya koma lamba mafi girma a gidan, kuma har yanzu komai ta wurinsa yake bi. Kawu ya ce ana hayaniya a tasha ba ya ji sosai, ya manna mini wayar a kunne.

Alhaji ya tambaye ni ko akwai lambar da ta fi ta akwatin. Da na yi wayo da na ce babu. Amma gaskiya ta suɓuce mini, na ce akwai guda ɗaya a samanta, ɗari biyu da hamsin da biyar, sai dai ba a ba kowa ita, don ita ce ta shela, wadda in za a yi wa kowa da kowa magana lokaci guda ake amfani da ita. Sannan ya tambaye ni, a makarantar nan, in ba shi ba, wane ne yake yi wa kowa da kowa magana lokaci guda.

Na ce masa za a duba. Ina kashewa na kira Tasi'u na gaya masa abin da ke tafe, na ce wannan karon ko za a ɗaure ni ba zan sake ratsa dajin nan ba. Ya ce in bar shi da shi.

An yi jarabawa lafiya, Nafisa da ƙawayenta sun rubuta a garinsu, sun koma gida da ƙafa sun ci abincin rana. Tasi'u yana nan a bakin aikinsa. Abin da ya yi kuwa, takarda ya buga mai ɗauke da ɗari biyu da hamsin da biyar da manyan lambobi, ya sa aka yi mata leda, ya manna a murfin kwamfutar Alhaji ta waje, inda duk wanda ya shigo ofis zai gani. Ya gaya masa cewa yanzu yana riƙe da ta farko a ciki, ta ƙarshe a waje, akwatin kuma yana tsakiya, a ƙarƙashin kulawarsa ta ko'ina. Na ji an ce Alhaji ya sa an juya teburin ya fuskanci ƙofa.